Kushewar Icce

Tungarmu tudu ce guda ɗaya, ƙarama, wadda za ka zagaye da ƙafa tuwonka bai huce ba. In ka baro Malanbil ka kama hanyar Madekali, sai ka ce ma mai babur ya sauke ka inda bangon ƙasa ya rabu da hanya, ka bi bangon nan har ka hango kawunan giginyu. Arewa da mu gulbi ne, Kwara, wanda in ka tsaya bakinsa da hantsi kana hangen mata na wanki a gaɓar Nijar. Kudu kuwa fadama ce shimfiɗe har inda ido ya gaji. Yanzu kanal, hanyar ruwa da anka gina, ya ratsa ta, an yanka ta fangali-fangali na shinkafa, amma ni na san ta tun tana daji, ruwa da ciyawa da tsuntsaye.

Sau biyu gulbi ke zo mana a shekara. Da damina jan ruwa ke zuwa, mai laka, mai gaggawa, ruwan saman da anka yi nan kusa da mu. In ya janye mun ɗan sha iska, sai baƙin ruwa ya iso lokacin sanyi, shiru abinsa, daga wata ƙasa mai nisa da ba wanda ya taɓa gani cikinmu. In fadama ta cika, tunga ta zama tsibiri ke nan. Ko gishiri za ka saya a kasuwar Malanbil sai ka shiga jirgi.

Kakan mahaifiyata ne ya fara kafa bukka a tudun nan. Basarke ne, wato masunci gaba da baya, ya hauro gulbi daga wajen Kabi da jirginsa da matarsa da tarunsa, ya ga kifi ya zauna. Bayansa Dendawa manoma sunka zo sunka kama gefen fadama. Daga baya Zabarmawa sunka riƙa tsallakowa duk shekarar da yunwa ta matsa can tsallake, wasu su koma, wasu su yi aure su zauna. Da rani Fulani na sauka bayan gari da shanunsu. Yaro a tungarmu da baki biyu yake tashi, Dendi a bakin rijiya, Hausa a gida da kasuwa. Amma kada ka kuskura ka tambayi tsohuwa 'ya'yanta nawa. Za ta ce maka alhamdu lillahi, ta juya maka baya. Ba a ƙidaya mutane a wajenmu, kuma abin yana da dalili.

Zamanin Nasara, in gardi, dogarin kumandan Bature, ya sauka daga jirgi da takarda a hannu, mutane yake nema. Samari masu ƙarfi yake zaɓa daga littafin ƙidaya, a tafi da su aikin dole, fasa dutse da gyaran hanyar da ta yi kudu. Wasu su dawo da tari, wasu ba su dawowa. Sai tsofaffinmu sunka samo dabara. In an ji gardi na tafe, sai a tsallakar da saurayi gulbi zuwa ga dangi a wajen Gaya. A sare guntun giginya daidai tsawon mutum, a naɗe shi da tsohuwar tabarma, a binne a gefen maƙabarta, mata su ɗan yi kuka. Gardi ya zo a nuna masa ɗanyar ƙasa, ya soke sunan da alƙalami, ya rubuta ya mutu. Bayan shekara ɗaya ko biyu, in an sauya gardi, saurayi ya dawo gida ya ci gaba da sha'aninsa. Kushewar icce muke ce ma irin wannan kabari. Ba a yi mata salla, ba a jera mata fasassun tukwane kamar yadda ake rufe gawa. Ranar da za a yi ta ma liman ciwon kai yake yi, ba ya fitowa.

Kawuna, wan mahaifiyata, yana cikin waɗanda anka yi ma kushewar icce. Sauran 'yan'uwansa na wannan dabara, wasu sun mutu mutuwar gaske, wasu sun lallaɓa bayan tafiyar Nasara an mayar da sunansu cikin littafi. Shi ya ƙi. Ya ce mataccen takarda ba mai kiransa biro, wato ofishin hukuma, ba mai tashinsa daga barci, me zai kai shi ya tayar da kansa? Duk tunga Marigayi ake ce masa, har yara, kuma yana amsawa. In ka ce, “Marigayi, ina kwana?” sai ya ce, “Lahiya lau, mutanen can suna gaishe ka.” Dogo ne, baƙi, mai wushirya, mai dariyar da ake ji daga cikin gulbi. Kushewar tasa tana can ƙarshen maƙabarta ta gefen fadama, ƙarƙashin wata kanya. Nan ya kafa sandunan shanya taru, nan yake zama yana ɗinkin koma, nan matarsa ke kai masa fura. Ya kan buga ƙasar da tafin hannu ya ce shi kaɗai ne a duk gundumar da ya san ɗakinsa na gobe kuma yake shan inuwarsa tun yau. Ina son mutumin nan ƙwarai. Shi ya koya mini tuƙa jirgi, shi ya tsaya ma babana har anka bar ni na shiga lakwal, makarantar boko.

Ina ɗan lakwal a Malanbil anka ce ƙasa ta samu 'yancin kai. An ba mu tutocin takarda mun yi ta kaɗawa a rana har munka gaji. A tunga ba abin da ya sake. Littafin da Nasara ya bari shi anka ci gaba da kwafewa, da rayayyunsa da matattunsa. Daga nan sai sojoji sunka fara karɓe-karɓen mulki, yau ka ji wannan a rediyo, baɗi ka ji wancan, har anka samu wanda ya zauna ya daɗe. Ƙasa ta sake suna, kowa ya zama kamarad, mai gari ya koma gefe anka naɗa delege, wakilin gwamnati, a madadinsa. Delegenmu bai iya karatun boko ba, sai anka ɗauko ni na zama sakatarensa. Ina da shekara ashirin da 'yan kai lokacin, da sabon aure, da alƙalami biyu a aljihun gaba. Rawar kaina kuwa sai wanda ya gani. Na ɗauka duk abin da tsofaffi ke tsoro duhun kai ne kawai.

A shekarun nan ne labarin kanal ya zo. Mun tashi wata safiya mun ga baƙi, Sinawa da ma'aikatan gwamnati, suna kafa turaku masu jan fenti cikin fadama. Delege ya tara mu na karanta takarda. Za a ja bangon ƙasa a tare gulbi kada ya sake shiga fadama. Za a kafa inji ya riƙa jawo ruwa cikin kanal, a yi shinkafa sau biyu a shekara. Duk gonakin da ke ciki sun zama na gwamnati, za a sake rabawa, kowane maigida da sunansa ke cikin littafin ƙidaya ya samu fangalinsa. Mutane sun yi murna, ni ma na yi. Sai da na naɗe takardar na ɗaga kai, na ga Kawu tsaye can baya da koma a kafaɗa, ba ya dariya.

Gonarsa tana tsakiyar wurin da turaku sunka zagaye. Ta ubansa ce, kakana. Shinkafar ruwa yake shukawa, mai dogon wuya, wadda ke tashi tare da ambaliya, ana yanka ta daga cikin jirgi. Kuma a fadamar nan kifi ke shiga ya yi ƙwai, nan yake kafa tarkunansa. In an ja bango, shinkafa ta tafi, kifi ya tafi. Ga mata, ga 'ya'ya biyar, babbansu bai isa riƙe garma ba. 'Ya'yan ma cikin gidan babana anka rubuta su tun haihuwa, tunda matacce ba ya haihuwa a takarda. In Kawu bai samu fangali ba, namu guda ɗaya ne zai ciyar da gida biyu, kuma kowa ya san ba zai iya ba.

Wanda anka ɗora ma rabon fangali wani saurayi ne ɗan kudu, ma'aikacin noma, siriri, mai tabarau. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Dendi, ni ne bakinsa ni ne kunnensa. Ba mugu ba ne, wallahi, kada in ɗauki alhakinsa. Na kai masa Kawu ƙarƙashin rumfar da yake zama, na bayyana masa komai. Ya buɗe littafi ya bi da yatsa har ya samu sunan, da layin da anka ja a kai tun kafin a haife shi. Ya ce mini, “Kamarad, tun da fari ya koro mutane daga tsallake, kullum sai wani ya zo ya ce shi ɗan gari ne, sunansa ne wannan ko wancan. An gargaɗe ni. In na ba mutum fangali da sunan matacce, ni za a ɗaure.” Na ce duk tunga shaida ce. Ya ce duk tunga dangin juna ne, shaidar baki ba ta soke takarda. A kawo masa abin da zai gani da idonsa ya rubuta.

Nan take dabara ta faɗo mini, kuma har yau ina jin daɗin da na ji lokacin, abin da ke ƙara ba ni kunya ke nan. Na ce a tone kushewar. In an ga guntun giginya, ai takarda ta yi ƙarya, mai sunan kuwa ga shi tsaye. Ɗan kudu ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce bai taɓa jin irin wannan ba, amma ya yarda. Na juya na gaya ma Kawu. Fuskarsa ta washe.

“Kai, Mushe, lakwal ta yi rana,” in ji shi. Mushe yake ce mini don tsokana, yadda ake kiran malaman boko. “Ranar Alhamis ni da kaina za ni tone abuna.”

Liman bai hana ba. Yaro ne shi ma, ya gaji ubansa ba da daɗewa ba, kuma ya ce icce ba shi da hurumi. Mutum ɗaya ce ta ƙi, Kaka, mahaifiyar Kawu da innata. Ta tsufa ƙwarai lokacin, idonta ya fara hazo, tana zaune kullum a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gujiya. Tsakanina da ita wasa ne, mijinta take ce mini. Ranar ba ta yi wasa ba. Ta aika a kira ni, ta kama hannuna ta riƙe.

“Ku bar wurin nan,” in ji ta.

“Don mi, Kaka?”

“Na ce ku bar shi.”

“Icce na fa. Ke da kanki kin sha ba mu labari.”

“Ban taɓa ba ka labarin wanga ba. Na wasu ni ba ka.”

Da ina da hankali da na tsaya a kan wannan magana. Ban tsaya ba. Na ce mata jikokinta biyar za su kwana da yunwa saboda tsoron guntun giginya. Na ƙara da abin da ya fi muni. Lokacin gwamnati na yaƙi da camfi, ana kama tsofaffin mata a garuruwa ana ce musu mayu. Na ce mata, cikin wasa wai, ta yi hankali kada ɗan kudu ya ji tana tsare kabari ya kai ta gaban jandarma. Ta saki hannuna. Ta ci gaba da ɓarar gujiyarta, ni kuwa na fita ina jin na yi nasara.

Ranar Alhamis da hantsi duk tunga ta taru a ƙarƙashin kanya kamar ranar suna. Mata sun tsaya nesa kaɗan da goyo, Dendawa sun baro gona, har Fulani biyu sun jingina da sanduna suna kallo. Ɗan kudu ya zo da littafinsa, anka ba shi kujera. Ana ta tsokanar Kawu. Wani ya ce, “Marigayi, yau za a tashi kiyama a gidanka.” Wani ya ce in giginyar ba ta ruɓe ba shi yana so ya yi dirkar rumbu. Kawu ya tuɓe riga, ya ɗaure wando, ya tofa yawu a tafi ya kama galma. Ya ce kowa ya matsa, ba a shiga ɗakin mutum ba sallama.

Ƙasar ta yi tauri, ya daɗe yana sara. Da ramin ya kai masa gwiwa ya bar galma ya koma kwasa da ƙwarya, yana waƙar masunta. Da ya kai cinya sai ƙwaryar ta bugi wani abu ya yi ƙara. Ya share da hannu. Bayan tukunya ne, fasasshe, kife. Ya ƙara sharewa, ga wani kusa da shi, ga wani, a jere daidai, an liƙe tsakaninsu da laka.

Liman ne ya fara ganewa. Na ga ya miƙe daga inda yake tsugune. Ya ce a hankali, “Baba, dakata.” Kawu bai ji ba, ko ya ji ya ƙi. Har lokacin akwai sauran murmushi a bakinsa. Ya sa yatsu ƙarƙashin kaskon farko ya ɗaga.

Mutum ne. Yana kwance a gefensa na dama, fuskarsa na duban alƙibla, yadda ake kwantar da kowane musulmi. Ƙashi ne kawai, ya yi ja saboda ƙasa, haƙoransa cif, ba ko ɗaya da ya faɗi. Ina tsaye a bakin ramin, ni na fi kowa kusa, na gani sarai. Ba wanda ya yi ihu. Salati kawai ya bi cikin mutane ƙasa-ƙasa, waɗanda ke baya na tambayar na gaba. Kawu na tsaye cikin rami da kasko a hannu, yana duban abin da ya shekara talatin yana zama a kansa yana shan fura.

Ɗan kudu ya taso ya leƙa, ya cire hularsa. Sannan ya ce da ni da Faransanci, wanda takarda ta ce ya mutu ga shi nan kwance inda anka ce yake. Shi ba ya cewa Kawu maƙaryaci ne, amma yanzu ko yana so ba ya iya ba shi fangali da wannan suna, don mutane da yawa sun gani. Kawu ya ɗago kai ya dube ni.

“Mi yac ce?”

Aikina ke nan, ni ne bakin ɗan kudu. Da bakina na gaya ma kawuna, da Hausa, a gaban matarsa da 'ya'yansa, cewa mai sunansa na cikin rami, shi kuwa ba a san ko wane ne ba.

Ya mayar da kaskon daidai inda ya ɗauke shi. Ya ce a kawo ruwa, ya kwaɓa laka da hannunsa ya liƙe. Samari sunka matso za su taya shi mayar da ƙasa, ya ɗaga musu hannu. Shi kaɗai ya cike ramin, ya daidaita shi, ya yayyafa ruwa. Liman ya yi addu'a munka shafa, kowa ya watse ba mai duban wani.

Daga maƙabarta gidan Kaka ya nufa, da laka har gwiwar hannu. Na bi shi, ban san me ya sa ba. Ya durƙusa a gabanta.

“Inna, wa na?”

“Ban san sunanai ba.”

Sannan ta faɗa, ba ta tsaya ba har ta ƙare. Ta ce shekarar nan gardi ya gane dabarar icce, don a wata tunga ya soka ƙarfe cikin kabari ya ji itace, anka ɗaure uban yaron anka tafi da 'ya'yansa biyu maimakon ɗaya. Ya aiko cewa daga yanzu sai ya ga gawa da idonsa. An riga an tsallakar da Kawu, ba yadda za a yi. Ana gobe gardi zai iso, kakana ya je duba taru da asuba ya tarar da mutum a ciki. Saurayi ne, tsaran Kawu, gulbi ya kawo shi daga sama, da sawun igiya a wuyan hannunsa. Ga alama daga aikin dole ya gudo ya faɗa ruwa. Ruwa ya sauya masa fuska. Kakana da tsohon liman sunka wanke shi, ita ta ba da zanenta fari anka yi likkafani. Gardi ya zo ya buɗe fuska ya rufe, ya soke suna. Anka yi ma saurayin salla da sunan Kawu, mutanen gari na tsammanin duk cikin dabara ne. Su uku kaɗai sunka san gaskiya, kuma sun dafa Alƙur'ani ba za su faɗa ba, don ɓoye gawar wanda ya gudu babban laifi ne a wajen Nasara. Biyu sun mutu sun bar ta da rantsuwar.

“Na yi kuka ran nan har anka ce na iya,” in ji ta. “Ba iyawa ba ce. Uwarshi nika tunani, tana can wani wuri tana duban hanya.”

Kawu ya tambaye ta me ya sa ta bar shi yana zama a kai. Ta ce ta ga yaron nan ba shi da kowa a nan, gara a samu mai zama kusa da shi.

An karkatar da kanal saboda wannan, don turakun sun biyo ta gefen maƙabarta ne da farko, da anka ga akwai mutum sai Sinawa sunka matsar da su. Bango ya tashi, inji ya fara aiki, anka raba fangali. Gonar Kawu ta faɗa cikin rabon mutum uku. Ya kwashe sandunan tarunsa daga ƙarƙashin kanya. Ba wanda ya sake ce masa Marigayi, kuma sunansa na yanka ya yi ma mutane nauyi a baki, sai anka koma ce masa Baba ko mai jirgi. Na kai masa rabin fangalin da anka ba gidanmu, ya ce in riƙe, ina da iyali. Ya riƙa yin ƙodago a fangalin wasu, dashe da yanka, wani lokaci a kan ƙasar ubansa. Matarsa ta shiga soya kifin saye tana kaiwa bakin gadar Malanbil. Innata ta ɗauki yara biyu. Kaka ba ta kai baƙin ruwa na gaba ba, kuma har ta rasu ba ta sake ce mini mijinta ba.

Kafin a sauya ma ɗan kudu wurin aiki ya kira ni gefe. Abin ya tsaya masa a rai shi ma. Ya ce akwai hanya guda. Za a buɗe sabon sashe na fangali, kuma an yarda a ba baƙi da sunka daɗe a gari. In kawuna ya yarda a rubuta shi baƙo daga tsallake, da wani suna dabam, kowane suna ya ga dama, shi zai sa hannu kafin ya tafi, sunan ya hau layi. Na ruga da littafi bakin gulbi, na tarar da Kawu yana toshe jirgi. Na gaya masa ina haki. Baƙo, a tudun da kakansa ya kafa. Na ɗauka zai zage ni, kuma da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ya ci gaba da cusa tsumma cikin tsaga. Can ya ce, “To, rubuta baƙo.”

Na rubuta lamba, na rubuta baƙo. Na ce, “Wane suna, Kawu?”

“Bar wurin hili.”

“Ba a barin shi hili. Ko wane suna, ka faɗa kawai. Na kakanmu ma ya yi.”

“Yaron nan ya riƙa mini nawa shekara talatin, da shi anka yi mishi salla, ba ni karɓewa. In suna za ni ɗauka, nashi za ni ɗauka. Bari in samo shi in kawo maka.”

Na roƙe shi. Na tuna masa yara, na tuna masa ɗan kudu na tafiya ƙarshen wata. Har na ɗaga masa murya, ni da na jawo komai. Ya dube ni ba fushi, ya ce, “Mushe, ka yi taka dabara. Bar ni in yi tawa.”

Daga wannan shekara, duk lokacin da baƙin ruwa ya iso aikin fangali ya yi sauƙi, sai ya ɗauki gora da garin rogo ya hau gulbi. Tunga-tunga yake bi, gaɓar nan da ta tsallake, yana neman tsofaffi yana tambaya ko akwai gidan da anka ɗauki ɗansu zamanin Nasara bai dawo ba. Matsalar ita ce ya samu. Kusan kowace tunga akwai, wata ma biyu ko uku. Ya kan dawo ya zauna a zaurenmu ya jera mini sunaye, ya ce wannan gajere ne an ce, ba shi ba ne, wannan da rani anka ɗauke shi, wannan kuwa ya yi kama amma ba tabbas. Na ce ya zaɓi ɗaya mana. Ya ce in ya ɗauki na wani, ya sake sata ke nan.

Ɗan kudu ya tafi, anka raba sabon sashe, layin Kawu na nan da lamba da baƙo da fili a tsakani. Ya yi shekara tara yana wannan yawo. A na ƙarshe wasu masunta sunka jawo jirginsa zuwa gida yana kwance a ciki da zazzaɓi, ya kwana huɗu ya cika. Mun binne shi ƙarƙashin kanya, kusa da ɗayan.

Bayan nan littafin ya tsufa, gara ta ci gefensa, anka aiko sabo daga gunduma da sabon sakatare, yaro mai kyan rubutu. Na zauna kusa da shi ina karanta masa yana kwafewa. Da munka iso layin ya tsaya, ya ce, “Baba, nan an manta ba a sa suna ba. Kuskure ne?” Na ɗora yatsa a kan filin. Ya jira ni kaɗan, sannan ya tsallake layin ya rubuta na gaba.